Lissafi Kafin Tayi: Jagorar Mai Sayen Babur na Farko

Yawancin waɗanda suka yi asara a sayen babur ɗinsu na farko suna ɗora laifin a kan rashin iya ciniki. Za ka ji mutum yana cewa da ya ƙara dagewa, ko da ya juya kamar zai tafi, da an rage masa. A ganina asarar ta riga ta auku tun kafin a kai nan. Mai sayar da babura a cikinsu yake kwana yake tashi. Ya san nawa ya saro, ya san nawa maƙwabcinsa ya sayar jiya, ya san abin da ke ɓoye a cikin injin. Mai saye kuwa sai an yi shekaru yake zuwa sau ɗaya, kuma abin da ya sani bai wuce kuɗin da ke aljihunsa da launin da ransa ke so ba. Da zarar mai kaya ya yanka farashi, duk maganar da za ta biyo baya a kan wannan adadin za ta yi ta kewayawa: a taya, a ce albarka, a ƙara, a rage. Wanda aka rage wa naira 50,000 zai koma gida yana murna, alhali mai yiwuwa tun farko an ɗora 150,000 a kan abin da babur ɗin ya cancanta. Saboda haka farashin gaskiya abu ne da mai saye zai lissafa da kansa kafin ya buɗe baki ya taya. Lissafin kuma a kan abu uku yake tsaye, waɗanda kowa zai iya bincikowa: nawa ake sayar da sabon irinsa a wannan makon, nawa za a kashe kafin babur ɗin ya hau titi lafiya, da kuma ko takardu sun tabbatar da cewa mai sayarwa yana da ikon sayarwa.

Farashin sabo shi ne ma'auni, ko da na hannu mutum yake nema, kuma dole ya zama na kwanan nan. Baburan da ke yawo a titunanmu kusan duka daga waje suke zuwa, ko a haɗe ko a kwance cikin kwali. Bajaj da TVS da Hero daga Indiya suke, Jincheng da Haojue da Lifan daga ƙasar Sin, ita kuwa Honda tana da masana'antar haɗawa a Ota ta jihar Ogun tun 1979, amma ita ma akwai sassan da take shigowa da su. Duk abin da ya ratso teku da dala aka biya shi. A watan Yunin 2023 gwamnati ta saki naira kasuwa ta yanke mata daraja, dalar da ake canzawa wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a cikin 2024, farashin babura kuma ya bi ta. Wannan ya haifar da abu biyu da mai sayen fari ya kamata ya fahimta. Na ɗaya, adadin da yayanka ya biya shekara uku da suka wuce ba shi da amfani a gare ka, sai ma ya sa ka ga kowane ɗan kasuwa a matsayin macuci. Na biyu, mutum zai iya hawan babur shekara uku ya sayar da shi sama da yadda ya saya, kuma bai zalunci kowa ba, domin idan zai maye gurbinsa farashin yau zai biya. Mai sayen da ya kafe a kan “ai nawa ka saye shi” yana ɓata hujjarsa ne a banza. A Maraɗi da Damagaram, inda ake ciniki da sefa wadda ke ɗaure da kuɗin yuro, hawa da saukar ba ta kai ta naira ba, amma ƙa'idar ba ta canza ba.

Sai dai ba a kwatanta farashi sai an tsayar da abin da ake kwatantawa. Mutum ya fara yanke shawarar wane kamfani, wane samfuri, wane girman inji, tun yana gida. Boxer mai inji 100 da mai 150 suna ɗauke da suna ɗaya amma kuɗinsu da shan mansu da ƙarfinsu sun bambanta, kuma wanda bai rarrabe ba zai iya ɗauka ya sami rangwame alhali ƙaramin aka ba shi. Ma'aikacin da zai riƙa zuwa ofis a cikin gari a kan kwalta ƙaramin roba-roba ya ishe shi. Wanda zai ɗora buhun masara ya ratsa burji da yashi yana bukatar doguwar kujera da ƙashi mai ƙwari. A nan shawarar bakaniken unguwa ta fi ta mai shago daraja: a tambaye shi wane babur ne idan ya lalace da safe zai iya samo kayansa kafin azahar. Babur ɗin da kayan gyaransa suka cika Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ya fi wanda sai an aika Nnewi an jira mako guda, ko da na biyun ya fi sauƙin kuɗi ranar saye, kuma shi ne zai fi saurin samun mai so ranar da aka tashi sayarwa. Wanda kuma zai saya don neman abinci ya binciki dokar garinsa tukuna. Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur tun Janairun 2013, Legas ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumominta a Yunin 2022, a yankin Diffa na Nijar kuwa hawan babur ɗin ma aka hana a 2015 saboda tsaro. Babur ɗin da doka ba za ta bari ya yi aikin da aka saye shi dominsa ba ya yi tsada ko nawa aka biya.

Idan an tsayar da samfuri, sai a fita neman farashi ba tare da kuɗi a jiki ba. Wannan sharaɗin yana da muhimmanci, domin mai kuɗi a aljihu yakan ƙare da saye a shagon farko. A shiga shago uku ko huɗu waɗanda ba a layi ɗaya suke ba, har da babban dilan da kamfanin ya amince da shi, a yi wa kowa tambaya iri ɗaya: nawa zan biya gaba ɗaya in hau in tafi? Amsar wannan tambayar takan sha bamban da adadin da ake fara faɗa. Wani farashinsa na kwali ne, kuɗin haɗawa daban. Wani bai sa batir a ciki ba, ko baƙin man farko, ko madubai, ko 'yar jakar sifanu da ke zuwa da babur. Wani yana ba da takardar garanti da littafin duba inji, wani ba ya bayarwa. Sai an jera waɗannan a takarda sannan za a ga cewa shagon da ya fi araha a baki wani lokaci shi ne ya fi tsada a hannu. Idan shaguna uku sun yi kusa da juna, na huɗu kuma ya faɗo ƙasa sosai, wannan abin tambaya ne kafin ya zama abin murna. Akwai baburan da aka yi wa kwaskwarima aka sake fenti aka naɗe da leda, akwai kuma waɗanda aka manna wa tambarin kamfanin da ba shi ya ƙera su ba. Sabo dal ana gane shi a ƙarƙashi, inda mai fenti ba ya kula: cikin bakin salansa babu baƙin hayaƙi, kan notuna babu sawun sifana, haƙoran da sarƙa ke hawa ba su fara sheƙi ba.

Za a iya cewa farashi yana motsi kullum, don haka lissafin da aka yi ranar Litinin ya tsufa kafin Juma'a. Akwai gaskiya a ciki, musamman a makonnin da dala ke tsalle. Amma maganin wannan kiran waya biyu ne da safiyar ranar saye, kuma mai sayen da ya san farashin makon jiya ya fi ƙarfin a ce masa kaya sun tashi da kashi ashirin cikin ɗari a dare ɗaya.

A kan kuɗin babur sai a ɗora kuɗin hawa titi, wanda masu sayen fari suka fi mantawa da shi. Akwai lamba da lasisin abin hawa da ake yi a ofishin tattara haraji na jiha. Akwai inshorar da ke biyan wanda ka yi wa ɓarna, wadda hukumar inshora ta ƙasa ta tsayar a naira 3,000 ga babur daga Janairun 2023. Akwai lasisin tuƙi ajin A, wanda shi ne na masu babur. Akwai hular kwano, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sawa tun 1 ga Janairun 2009, kuma ko babu doka mai koyo ya fi kowa bukatarta. Akwai kwaɗo da sarƙar ɗaurewa, da juyen baƙin mai na farko da sabon inji yake bukata da wuri, domin ƙarafan da ke goga juna a karon farko suna zubar da ɗan gari a cikin mai. Shawarata ita ce a ware kamar kashi ɗaya cikin goma na duk kuɗin da aka tara don waɗannan, abin da ya rage shi ne ainihin ƙarfin mai saye. Wanda ya juye komai a kan babur ya hau babu lamba zai biya kuɗin a hanya, kaɗan-kaɗan, duk ranar da aka tare shi, kuma idan aka sace babur ɗin ba shi da abin da zai kai wa 'yan sanda.

Na hannu shi ne inda lissafi ya fi aiki, domin babu biyu da suke daidai. Ƙa'idar ita ce a fara daga farashin sabo na yau, a cire kuɗin duk gyaran da zai dawo da babur ɗin cikin hayyacinsa, sannan a sake cire wani abu saboda shekarun da ya ci da kuma rashin garanti. Kashi na tsakiya ba a ƙiyasta shi da ido daga nesa, sai an duba. A nemi ganin babur ɗin da sassafe kafin a tayar da shi, a fara ɗora hannu a kan injin. Idan da ɗumi, an riga an tayar, kuma injin da ya yi zafi yana ɓoye wahalar tashi da ƙarar da take fitowa a sanyi. Lafiyayyen inji yana kamawa a bugu ɗaya ko biyu ya zauna da kansa ba sai an riƙe masa totur ba. A tsaya a bayansa a kalli salansa yayin da wani ke murzawa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi alama ce ta baƙin mai yana ƙonewa tare da fetur, galibi saboda ringi da fistin sun cinye, wannan kuwa aikin buɗe inji ne. Baƙin hayaƙi yana nuna fetur ya yi yawa, wanda sau da yawa saitin kafireta ne ko matatar iska da ta toshe, gyara mai sauƙi. A zaro sandar awon baƙin mai a shafa a yatsa. Idan man ya yi kauri fiye da ƙima, a yi hattara, domin ana zuba mai kauri don a kashe ƙarar ƙarafan da suka saki. A kwance fulogi: launin ƙasa-ƙasa busasshe shi ake so, wanda ya jiƙe da mai baƙi yana tabbatar da abin da hayaƙi ya faɗa. Sannan a hau. Giya ta shiga kowane mataki ba tare da ta fice da kanta ba. Idan aka murza a babbar giya injin ya yi kuka amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ya ƙare.

Agogon kilomita kada a ba shi gaskiya, domin zare wayarsa aikin minti ɗaya ne, kuma baburan haya da yawa sun yi shekaru agogonsu a tsaye. Kamar yadda mai sayen sa yake buɗe masa baki ya duba haƙori bai tsaya ga shekarun da mai shi ya faɗa ba, haka mai sayen babur zai duba robar matakin ƙafa, da robar hannu, da fedar birki, ya ga yadda suka side. Tayoyi ma suna ɗauke da shekarunsu a jiki: akwai lambobi huɗu a gefen taya, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, ta yadda 2321 ke nufin mako na 23 na shekarar 2021. Idan an ce babur ɗin bara aka saye shi amma an riga an canza tayoyinsa duka biyu, ya yi tafiyar da ta fi ta shekarar ma'aikaci ɗaya. Sarƙa ta kasance tana da ɗan sako-sako na kamar santimita 2 zuwa 3 a tsakiya. Idan an ja ta har ƙarshen wurin saiti, ko haƙoran da take hawa sun yi tsini sun karkata, ita da su duka za a canza tare. A danna gaban babur da ƙarfi a ga ko shokozoba na zubar da mai. A kunna fitila da sigina da oda injin yana aiki, a ga ko wuta tana ƙaruwa idan an murza.

Dukan waɗannan aibobi ne masu farashi. Kowanne bakanike zai iya faɗin kuɗin kayansa da na aikinsa, a rubuta, a tara, a cire. Amma akwai aibobin da ba a rage kuɗi saboda su, fasa cinikin ake yi. Na farko shi ne ƙashin babur da ya lanƙwashe ko aka yi masa walda, musamman a wuya, inda kan babur ke juyawa. Sabon fenti a wannan wurin kaɗai, ko babur ɗin da ke jan gefe ɗaya a miƙaƙƙiyar hanya, ko tayar baya da ba ta bin sawun ta gaba, duk suna ba da labarin karo mai tsanani. Irin wannan ba ya komawa daidai, kuma ran mahayi ne a kai. Na biyu shi ne gidan inji da ya tsage aka like. Na uku, wanda ya fi su duka, shi ne lambar jiki da aka taɓa.

Kowane babur yana da lambar shasi da aka buga a ƙarfen wuyansa, wadda a baburan zamani take da haruffa da lambobi 17, kuma ba a sa haruffan I da O da Q a cikinta. Yana kuma da lambar inji a jikin gidan injin. Mai saye ya durƙusa ya karanta su da idonsa, ya gwada da abin da ke rubuce a rasidin asali da takardun lamba, harafi bayan harafi. Idan wurin ya yi santsi kamar an goge, ko haruffan ba su jeru daidai ba, ko an ce rasidin ya ɓace kuma ba a san shagon da aka saya ba, a tashi. Babur yana cikin kayan da aka fi sacewa a garuruwanmu, kuma doka ba ta mallaka wa mai saye abin da ɓarawo ya sayar masa. Ranar da mai shi ya gane kayansa, babur zai tafi, kuɗi sun riga sun tafi, sannan mutum ya shiga bayanin yadda kayan sata suka zo hannunsa, wanda karɓarsu da sani laifi ne a dokar Final Kod. Shi ya sa babur marar takarda yake da araha mai jan hankali, kuma shi ya sa a lissafin da nake bayani darajarsa sifili ce. Idan takardu sun cika, a rubuta yarjejeniya mai ɗauke da sunan mai sayarwa da lambar katin shaidarsa, da lambobin nan biyu, da adadin kuɗi, da kwanan wata, shaidu biyu su sa hannu, kuma ya fi kyau a yi a gaban mai unguwa ko shugaban 'yan kasuwar. A biya ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai sayarwa, domin wannan ma shaida ce.

A nan ne kunya take shigowa. Wani zai ce ai a hannun ɗan'uwa ko abokin baba zan saya, neman takarda a wurinsa cin fuska ne. Ina ganin akasin haka ne. Cinikin da ke tsakanin dangi shi ya fi bukatar rubutu, domin idan ya ɓaci zumunci ne yake tafiya da shi, kuma idan ɗaya ya rasu magada ba su da abin dogaro sai takarda. Aya ta 282 ta Suratul Baƙara, mafi tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki take magana, kuma ba ta ware dangi ba. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Risala, sun haramta ɓoye aibin kaya, sun kuma ba mai saye zaɓin mayarwa idan ya gano abin da aka ɓoye masa. Wanda ya ce wa dattijo, “Baba, a faɗa mini duk abin da ke damunsa, sannan a rubuta saboda halin rai,” bai fita daga ladabi ba.

Wata sukar ta fi wannan nauyi: mai sayen fari bai san inji ba, dole ya dogara da bakanike, bakanike kuwa zai iya haɗa baki da mai sayarwa. Yana faruwa. Abin da ke rage haɗarin shi ne yadda aka ɗauko shi da yadda aka biya shi. Kada a karɓi wanda mai babur ko dillali ya kawo. A zo da na unguwarku, wanda shi ne zai ci gaba da gyaran babur ɗin, domin ya san duk ƙaryar da ya yi yau gobe za a turo ta ƙofar shagonsa. A yanke masa ladan dubawa tun a gida, a gaya masa zai karɓa ko an saya ko ba a saya ba. Bakaniken da ladansa ya rataya a kan faɗuwar ciniki ya zama dillali na biyu. Shi kansa dillali ba abokin gaba ba ne. Ya san inda kaya suke, kuma nagari yana tsare sunansa. Amma la'adarsa tana ƙaruwa ne idan farashi ya ƙaru, wani kuma yakan ɗora nasa a kan abin da mai kaya ya ce a sayar. Don haka a tambaye shi tun farko nawa ne la'adarsa kuma wa zai biya, a kuma nemi a zauna da mai babur ɗin ido da ido kafin kuɗi su fita.

Ga yadda lissafin yake idan an haɗa, da adadin da na ɗauka don misali kawai. A ce sabo yana naira 1,200,000, ana neman 900,000 a kan na hannu mai shekara biyu. Bakanike ya lissafa tayoyi biyu, sarƙa da haƙoranta, batir, ringi da fistin da kuɗin aiki, suka tashi 150,000. Ashe ainihin abin da ake nema 1,050,000 ne, wato tazarar 150,000 kacal tsakaninsa da sabo mai garanti. A irin wannan hali ko dai farashin ya sauko sosai ko a ƙara haƙuri a cika kuɗin sabo. Ni a wurina, na hannun da kuɗinsa da na gyaransa suka wuce kashi uku cikin huɗu na sabo ya daina zama sauƙi ga mai sayen fari. A ƙara da shan mai, wanda tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya zama babban kaso na kuɗin riƙe babur. Idan wani inji yana cin kilomita 45 da lita ɗaya, gajiyayye kuma yana cin 30, mai tafiyar kilomita 90 a rana zai sha lita 2 a na farko, lita 3 a na biyu. Lita guda kenan kullum, sama da lita 300 a shekara. Duk wanda ya ninka wannan da kuɗin lita na yau zai ga rangwamen da aka yi masa ya ƙone kafin shekara ta zagayo.

Wannan bai sa na ce kowa ya sayi sabo ba. Mai koyo yana faɗuwa, yana ƙona kuloci, yana fasa fitila, kuma waɗannan sun fi sauƙin ɗauka a kan babur ɗin da ya riga ya sauke tsadar sabunta. Na hannun da ya fito daga mutum ɗaya sananne, mai rasidi, wanda ofis da gida kawai yake zuwa, yana iya zama mafi kyawun ciniki a kasuwar gaba ɗaya. Lissafin ne zai nuna shi.

Haka lissafin zai tona asirin sayen biya kaɗan-kaɗan, wanda ya yawaita tun da farashi ya fi ƙarfin matasa. Mai bayarwa adadin mako yake faɗa, domin shi ne mai daɗin ji. Mai karɓa ya ninka. Naira 30,000 a mako har mako 60 ya zama 1,800,000 a kan babur ɗin 1,200,000, ƙarin rabin kuɗinsa kenan. Ga wanda babur ɗin zai riƙa kawo masa kuɗi kullum, kuma ba shi da wata hanya, wannan na iya zama abin karɓa, ban kuma ga laifin wanda ya shiga da idonsa a buɗe ba. Amma ya nemi amsa a rubuce: idan ya yi rashin lafiya ya tsallake mako biyu me zai faru, idan an ƙwace babur ɗin ina makomar abin da ya riga ya biya, wa ke ɗaukar asara idan an sace, kuma sunan wa ke kan takardu kafin a gama biya. Bankunan da ba sa mu'amala da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, suna bin tsarin murabaha, inda ake bayyana wa mai saye kuɗin da aka sayi kaya da ribar da aka ɗora. Wannan bayanin shi ne mafi ƙarancin abin da ya kamata a nema daga duk mai ba da babur bashi.

Wanda ya zo da wannan shiri, cinikin kansa gajere ne. Ya bar mai kaya ya fara faɗa. Ya taya ƙasa kaɗan da adadin da ya lissafa, ya kawo dalili: ga farashin sabo a shago kaza, ga abin da gyara zai ci. Idan an ce albarka ya ƙara a hankali har ya kai iyakarsa, a nan ya tsaya, ya bar lambar wayarsa ya yi sallama cikin mutunci. Kada ya firgita idan wani ya ɓullo yana taya sama da shi. Wani lokaci mai saye ne na gaske, wani lokaci kuma najashi ne, tayin ƙarya don a zuga mai so, wanda shari'a ta hana. Ko wanne ne, iyakarsa ba ta motsa ba. Kafin alƙalami kuma kada ya fita sai an rubuta ko za a mayar da shi idan takardu suka ƙi cika. Lokaci ma yana da tasiri: da kaka, manoma sun sayar da amfani, da kuma gab da salla, masu saye suna yawa, farashi yana tauri. Da faɗuwar damina, masu neman kuɗin taki da na noma suna fito da baburansu. Sai dai a nan ina da jan hankali. Mutumin da ya fito da babur ɗinsa saboda taki ko asibiti yana cikin matsi, kuma lissafin da ya hana a cuci mai saye shi ne ya nuna masa abin da kayan suka cancanta. Idan lissafi ya ce 700,000, kada a matse shi zuwa 500,000 don an ga idonsa ya yi ja.

Bayan an sallama, a karɓi makullai duka har da na ajiya, da rasidin asali, da takardun lamba, da yarjejeniyar da aka sa wa hannu, a ɗauki hotonsu a waya a ajiye na ainihin a gida. A je ofishin lasisi a canza sunan mallaka a cikin makon, tun mai sayarwa yana kusa kuma ana iya kiransa idan an bukaci sa hannunsa. Daga wurin ciniki kuma a wuce shagon bakanike kai tsaye, a juye baƙin man da aka tarar a ciki, a ɗaure notuna, a saita birki, kafin a fara doguwar tafiya.